Damanar da Na Ce Da Sauƙi

Jiya da hantsi 'yan mata biyu suka yi sallama a gidanmu, jaka a rataye, alli a hannu, masu rabon ƙwayar masassarar damana da gwamnati ke aikowa gida gida. Suka murƙushe wa jikana ƙwaya a ludayi suka ɗura masa, ya feso rabinta a rigar ɗaya daga cikinsu, suka ja alama a bango suka yi gaba. Ɗiyata Rabi, wadda ta zo ganin gida daga wajen Urno, ta bi su har zaure tana jero musu tambaya.

"In ya amai ta hwa? In jikinai ya yi zahi, wa ni ka kira? Ku ba ni lamba, ba ni son zancen sai gobe."

Ɗan farinta ne fa. Amma sunansa take kira gatsau a gaban kowa, Nasiru kaza, Nasiru kaza, ta goya abinta ta ratsa kasuwar Babankatami kai a sama. Tsofaffin unguwa suna taɓe baki, wai matan yanzu ba su da ta ido. Ni uwarta ban taɓa kwaɓarta ba, kuma duk wadda ta kwaɓe ta a gabana, to ni da ita ne.

Bayan fitar 'yan matan hadari ya taso daga gabas, iska ta shigo da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ganyen tafasar da ta cika bayan gida. Warin nan ba ya barina in sake. Duk shekara in gero ya yi ciki, sauro ya yi yawa, sai ya mai da ni wata damana, yau shekara ashirin ba kaɗan, lokacin ina 'yar sha tara a ɗakin miji, da ɗa guda ɗaya tal.

Damanar da gardama ta zo. Ruwan farko ya sauka, muka bi maza da ƙwaryar iri muna zubawa muna takewa, gero ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta kulle kusan mako uku. Garinmu a kan dutse yake, cikin ƙasar Buza, in rana ta buɗe duwatsun nan gashi suke yi kamar murhu. Shuka ta ƙone muna kallo. Da ruwa ya dawo muka sake shuka da irin da surukata, wadda duk gidan ke kira Inna, ta ɓoye a tulu tun kaka ta liƙe bakinsa da laka, don ta san halinmu in yunwa ta matsa. Kafin a gama noman farko rumbunmu ya zama wayam, ko ɓera ya daina wahalar da kansa da hawansa.

Sai muka koma kan anza. Wanda bai ci ta ba ba zai gane ba. A tsinko 'ya'yanta a daji, a ɓare, a jiƙa, a yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki, duk don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka. In an dafa an barbaɗa gishiri, sai a ci ana kallon wani waje. Da rana dafaffen ganyen tafasa da ɗan garin rogo in an samu. Fura kuwa suna kawai ya rage mata, don kana iya hango gindin ƙwarya ta cikinta. Da asuba nakan ɗebo ruwa a tabki in tace da gefen zane, in hura wuta da jiƙaƙƙen ice, hayaƙi ya yi ta cin idona, sannan in ɗauki ruwan furar nan in bi sawun maza gona. Maigidana yakan yi wa masu hali ƙwadago da safe a ba shi tiyar gero, da yamma ya dawo tamu gonar da ragowar ƙarfinsa. An yi gayya a shekarar, amma gayya ce babu tuwo, babu kiɗa: yau a taru a gonar wannan, gobe a ta wancan, kowa ya zo da cikinsa ya koma da shi yadda ya zo. Sai ƙarar hauya kan tsakuwa da nishin mutane.

Yarona yana da damana uku. Ba zan rubuta sunansa ba, don bakina bai taɓa kiransa ba, hannuna ma ba zai fara yau ba. A wajenmu ɗan fari ba na uwa ba ne a idon jama'a. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da aka yaye shi ɗakin Inna ya koma, ita ke masa wanka, ita ke goyonsa, gari duk Ɗan Inna ake ce masa. In ya rugo ya rungume ƙafata a tsakar gida, sai in ture shi da gwiwa in ce, "Kai, tahi wurin uwakka," mata su yi dariya su ce yarinyar nan ta sami tarbiyya. Ni kuwa har daɗin yabon nake ji. Sai in babu kowa nakan ja shi bayan rumbu in tura masa ɗan gayan furar da na rage daga rabona, ya cika kumatu, ya fito yana share baki kamar ɓarawo. Wannan ne kawai abin da ke tsakanina da shi, kuma babu wanda ya sani.

A wannan damanar ne labari ya cika gari cewa gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Rediyo ya faɗa, sankira ya zaga da yamma ya maimaita. Inna tana tsinkar tafasa ta ɗaga kai ta ce, "Kyauta? Gwamnati? Mi munka yi mata tat tuna da mu?" Muka yi dariya, amma kowace mace ta je ta lalubo karnen ɗanta, katin awon nan, ta kakkaɓe ta adana a ƙasan kwalla. Gaskiya mun ji sanyi a ranmu. A shekarar da ake cin anza, a ce akwai ƙofa guda da za ka shiga ba a tambaye ka abin da ke ƙullin zanenka ba, ai abin murna ne.

Gero ya fara ciki, ruwa ya zama na kullum, kowane rami ya cika, sauro ya yi mana sansani. Sange, gidan sauro, ɗaya ne a gidan, duk ya yage. Wata safiya Inna ta fito da yaron a kafaɗa ta ce jikinsa da zafi. Ta dafa ganyen bedi, wato dogon yaro, ta yi masa wanka, aka karɓo rubutu wajen liman aka ba shi. Washegari ya ƙi ko ruwa, in an ɗura masa sai ya dawo da shi. Aka ce a kai shi likita, amma tsakaninmu da garin da ke da gidan likita akwai ƙorama, kuma ta cika tana jan itatuwa. Kwana biyu muna zuwa bakinta muna dawowa. Ni ina daka, ina wanke-wanke, kunnena yana ɗakin Inna, fuskata kuwa ko a jikina.

Rana ta uku ruwa ya sauka zuwa ƙugu. Inna gwiwarta ta kumbura, ba ta iya taka ƙasa, dole aka ce uwar yaro ta je. Gwaggo Hajo, ƙanwar baban maigidana, ita ma za ta kai jikanyarta mai ciwon ido, sai muka haɗu. Amalanken jaki ya kai mu bakin ƙorama, maigidana ya ɗora yaron a wuya ya ratsa, mu muna riƙe da juna a bayansa. Rana ba ta gama ɗagowa ba muka isa. Wannan ina son a riƙe shi da kyau: da sassafe muka isa.

Ba zan kira sunan garin ba. Ɗaki uku ne na siminti da wata rumfar zana a gaba, mata sun cika ta sun tumbatso har cikin rana, kowace da yaro a cinya. Wari ne ya fara tarbarmu: amai, zawo, jiƙaƙƙun zannuwa, da masai da ya cika ya malalo. A bayan ɗakin ruwan sama ya kwaso audugar da aka goge jini da tsofaffin allurai ya baje su a fili, awaki suna kiwo a ciki. Ƙuda kuwa har cikin bakin yara. Mai gadi ya ce majo, babban ma'aikacin wurin, ya tafi taro birni, madam mai jinya ce kaɗai ke aiki. Maza suka koma gindin wani bedi a wajen shinge, don layin yara sha'anin mata ne.

Da muka sami wurin zama Gwaggo Hajo ta miƙo hannu, ni kuma na ba ta yaron ba musu. Haka ya kamata. Ga ƙanwar surukina a gefena, ga matan garinmu uku a gabana, ina ni ina rungumar ɗan fari? Ta kwantar da shi a cinyarta ta lulluɓe shi da mayafi saboda ƙuda, ni na matsa gefe na kama tsifar bakin zanena.

Can sai ga madam ta fito, farar riga, ƙamshin turare, hankici a hanci. Ashe haka take aikinta in mutane sun yi yawa: ta bi layi tana tambaya, wadda ta ga abin nata da gaggawa ta tura ta gaba, sauran su jira. Wata mata daga wani ƙauye ta zabura ta cafke mata riga tana kururuwa, "Madam, ɗiyata na mutuwa, ki diba min ita!" Madam ta fizge rigarta, ta zage ta tas, amma ta ce ta wuce gaba. Wallahi ni kunya na ji a madadin matar. Na ce a raina, wannan ko a gidan wa aka rene ta?

Ta iso kanmu. Ta dubi ƙunshin mayafin da ke cinyar Gwaggo ta ce, "Wa at uwatai?"

Gwaggo ta nuna ni da haɓa.

"Ke, yaya jikin nashi?"

Idon matan garinmu duk ya dawo kaina. Na sunkuyar da kai na ce, "Da sauƙi."

Gwaggo ta yi gyaran murya. "Madam, jikin ga da zahi hwa. Kwana ukku bai ci komi ba."

"Ke ta uwatai? Uwatai ta ce da sauƙi. Dut wanda ka nan jikinai da zahi, tsohuwa. Ku jira."

Ta wuce. Ko bakin mayafin ba ta ɗaga ba.

Na yi shekaru ina juya maganar nan. Da sauƙi ba labarin jiki ba ne, kowa ya sani. Gaisuwa ce, godiya ce ga Allah. Babana da sauƙi ya ce da safen ranar da aka yi masa sutura. Kuma madam ba baƙuwa ba ce daga wata ƙasa, Hausarta irin tamu ce sak, 'yar Adar ce, uwarta ma da sauƙi za ta ce ko ana karanta mata kalmar shahada. Ta san yarinyar da ta miƙa ɗanta ga tsohuwa ta koma gefe tana kallon ƙasa ɗan fari ta kawo. Ta sani sarai. Tambayar ta fi mata arha ne a kan taɓa jikin yaro, ta sami abin da zai rage mata layi, ta yi amfani da ladabinmu ta tankaɗe mu kamar tsaki. Masu kare ta suna cewa mace ɗaya ga rumfa guda cike da mata, ya za ta yi? Na yarda aiki ya yi mata yawa, kuma waɗanda suka bar ta ita kaɗai suna da nasu kason. Amma ɗaga mayafi bai fi tambayar ɗaukar lokaci ba. Har yau ina tuna hankicin nan a hancinta.

Bara na raka Rabi wannan gidan likitan. An yi fenti, an yi rumfar kwano, an kafa sola, ma'aikata sun kai huɗu. Aka duba Nasiru, aka rubuta takarda, aka ce maganin kyauta ya ƙare, a je a nema a kanti. Rabi ta tsaya a ƙofa ta ce ba inda za ta sai an sa masa abin awon zafi a hammata. Aka harare ta, aka yi tsaki, aka sa. Ni ina bayanta, na riƙe mata jaka.

A waccan ranar kuwa zama muka yi. Rana ta take, iska ta ɗauke, zufa tana bin bayana. Layi yana tafiya kamar ba ya tafiya. Ƙafar yaron guda ta leƙo daga ƙarƙashin mayafi, tafinta fari sol, ban taɓa ganin ƙafar mutum haka ba. Da Gwaggo ta juya za ta tofar da yawu, na miƙa yatsa biyu na taɓa ta da sauri na janye. Zafinta ya daɗe a yatsuna. Sau biyu maigidana yana zuwa bakin shinge. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma ga ƙanwar ubansa a zaune, sai ya rusuna ya ce, "Gwaggo, ina idon yarinya?" Ita kuma ta ce, "Muna nan, ana jira." Ya ɗan tsaya yana kallon mayafin, ya koma gindin bedi.

Da azahar ta gabato, saura mata kamar shida a gabanmu, madam ta fito ta ja ƙofa ta datse da kwaɗo, ta zaga gidanta da ke bayan ɗakunan. Ba a jima ba ƙamshin shinkafa da soyayyar albasa ya ratso rumfar. Matan da suka kwana kan anza kowace ta kama kallon ƙafarta. Wata yarinya ta fara kuka tana nuna inda ƙamshin ke fitowa, uwarta ta toshe mata baki da nono.

Sai hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, ruwa ya ɓarke. Zanar rumfa ba ta tare komai ba, muka cure wuri guda, ruwan bayan ɗaki ya biyo ta ƙarƙashinmu da duk ƙazantarsa. Muna cikin haka, wajen la'asar, na ga mayafin yana rawa. Gwaggo ta yaye shi. Idon yaron ya kafe sama, haƙoransa sun datse, hannuwansa suna fizga.

Ban san lokacin da na fizge shi daga cinyarta ba. Ranar na fara rungumarsa a gaban mutane. Gwaggo Hajo, tsohuwar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta cire takalminta ta ruga cikin ruwa ta yi ta dukan ƙofar gidan madam da shi tana cewa, "Hito! Hito, don Allah, don Annabi, ɗiyan mutane na tahiya!"

Madam ta fito da lema, tana goge hannu. Ta buɗe ɗaki, na shimfiɗa shi a kan tebur mai leda. Sai a lokacin hannunta ya taɓa jikinsa. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta dubi tafin hannunsa, na ga fuskarta ta sauya.

"Yaron ga ba shi da jini. Wanga sai Madawa."

Madawa, inda babban asibiti yake, ga ƙorama ta sake cika, ga motar marasa lafiya tana can wani gari. Ta ce akwai allurar da za ta tsai da fizgar, da serom, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya, amma suna ɗakin magani, mabuɗin kuma yana aljihun mai kula da ɗakin. Mai gadi ya ce ai tun da rana ya tafi gonarsa maimai, don shi ma ciyawa ta ci masa gero. Aka kwatanta wa maigidana gonar, ya cire takalma ya zura da gudu cikin ruwa. Ɗakin maganin yana nan jikin wanda muke ciki, bango ɗaya ne tsakani. Ina ganin ƙofarsa daga inda nake tsaye, koriya, da ɗan kwaɗon da ko guduma ɗaya ba zai jure ba. Gwaggo ta ce a ɓalle shi. Madam ta ce kayan gwamnati ne, in an ɓalle wa zai amsa tambaya?

Na durƙusa a bakin tebur na riƙe masa kai. Fizgar ta yi ta raguwa, har na ɗauka sauƙi ne ya zo. Ya ja numfashi mai tsawo, ya sake ja, sai na ji wuyansa ya saki a hannuna. Gwaggo ta yi salati, ta shafe masa ido, ta ja mayafin ta rufe shi. Ta taga na hango maigidana yana tahowa, laka har gwiwa, yana jan hannun wani mutum mai hauya a kafaɗa.

Madam ta cire abin sauraren ƙirji daga kunnenta ta ninke. Ta leƙa ƙofa, inda mata suka yi cincirindo suna kallo, ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kun gani ko? Haka ku ka yi kullum. Ku aje yaro gida kuna ba shi sauyoyi, sai ya ƙare sannan ku kwaso shi ku kawo muna. Gwamnati ta ce kyauta na, amma ba ku zuwa da wuri. Ke, da kin kawo shi da sahe, da yanzu yana wasa."

Matan nan duka sun san tun yaushe nake zaune, babu wadda ta tanka. Ni ma na sani, maganar tana nan a maƙogwarona, kalma uku ce ko huɗu. Amma an rene ni da kyau. Babba ta yi magana, ta taɓa mini ɗa, ta fito cikin ruwa saboda mu. Sai na ji gwiwoyina sun kai ƙasa da kansu, na ji muryata tana fita, a hankali, da ladabi, yadda aka koya mini.

"Mun gode, madam. Allah shi saka da alheri."

"Ba komi," in ji ta. "Ɗauke shi bisa tebur, akwai masu jira."